Amanar Hurde

A shekarar da Allah Ya yi wa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko rasuwa, watau 1944, baffana ya ɗaura niyyar sauke farali ta ƙasa, ta Barno da Sudan, tafiyar da a wancan zamani sai mutum ya bar wasiyya kafin ya kama ta. Da yake kuwa ni ne ake yi wa kallon mai ɗan ilimi a gidanmu na Fakuwa, sai ya kira shaidu biyu, ya danƙa mini amanar dokinsa, aka rubuta siffarsa da ajami: hurde ne mai duhun jiki, da zagaye-zagayen fari a kuturi, da ɗigon fari a goshi, da farar ƙafa ɗaya ta baya.

Mutanen ƙasar Katsina, inda son doki ya kai har wasan folo ya zauna da gindinsa tun zamanin Dikko, ba su yi wa launi riƙon sakainar kashi. Akawal daban, kili daban, haka gunya da aharas da bidi, balle danda, mai manyan faci-facin fari, wanda malamai ke ɗaga wa hula saboda masu sira sun kawo cewa a kan irinsa aka ga mala'iku ranar Badar. Har wurin da fari ya sauka a ƙafa yana da hukunci, gama Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai son shikali, watau fari a ƙafar dama ta baya da ta hagu ta gaba, ko akasin haka.

Na riƙe amana iyakar ƙoƙarina, harawa da dusa da kanwa ba su yanke ba. Amma kowace damina ta wuce sai in ga doki ya ƙara haske, zanensa na dusashewa, har ranar da takarda ta iso cewa baffana, wanda yanzu ya zama Alhaji, bayan ya daɗe yana tsinkar auduga a Jazira don neman guzuri, ya sauka Kano, mota za ta ajiye shi Kankiya ran Alhamis. Na dubi turke, na ga kili fari fat. Na dubi takardar amana, ta ce hurde. Na kuma tuna babin wadi'a, inda Malikawa suka ce wanda ya karɓi ajiya gaban shaidu ba a gaskata shi kan mayarwa sai da shaidu, ga shi kuwa shaidun nan biyu suna raye, ɗayansu ma ba ya ga maciji da ni.

Saboda haka na yi ijtihadi. Na sayo shuni a marina, na kwaɓa da garin gawayi da man shanu, na kwana da fitila ina kifa bakin ƙaramin ludayi a kuturin doki ina shafe kewayensa, shi kuwa yana waiwayo yana dubana da idon da ban so ba. Da gari ya waye ya fito kamar zabuwa, sai dai da ɗan shuɗi-shuɗi, wanda na yi fatan a ɗora wa hasken safiya.

Alhaji ya sauko daga mota cikin farar jabba ta Makka, ya shafa wuyan dokinsa, ya sa mini albarka, ya hau. Bazara ce. Kafin mu yi rabin hanya doki ya jiƙe da gumi, kafin mu shiga gari, inda jama'a suka yi dafifi da kalangu, zanen da na kwana yi ya yi hijira gaba ɗaya daga kuturin doki zuwa bayan jabba.

"Kai ɗan nan," in ji shi, yana juya tafin hannunsa, "doki na bar maka ko rawani ɗan Kura?"

Na ce, "Baffa, a yi haƙuri, al'amarin yana da tafsili."

Wani tsoho da ya ƙare ƙuruciyarsa a bargar hakimi shi ya cece ni daga tafsilin. Ya sa aka kawo ruwa da sabulun salo aka wanke doki sarai, sa'an nan ya bayyana wa jama'a cewa hurde da duhu ake haihuwarsa, yana girma yana furfura har ya koma kili, amma fatarsa baƙa take zama. Farin da aka haifi doki da shi kuwa, ko na goshi ne, ko na ƙafa, ko facin danda, fatar ƙarƙashinsa ja-ja ce, ba ta sauyawa har mutuwa. Ya nuna goshi, ya nuna ƙafar baya, ga jan fata nan ta bayyana cikin jiƙaƙƙen gashi daidai inda takarda ta faɗa. Shaidu suka shaida, har da wancan, ko da yake a daƙile.

Alhaji ya karɓi dokinsa, amma ya buɗe sabuwar da'awa a kan jabba, wadda wanki uku bai fid da ita ba, har dattawa suka yanke cewa a rina ta baki ɗaya, ni in biya. Da na kai ta marina, marinin ya ƙirga kuɗinsa a natse, sa'an nan ya ce, "Malam, in akwai goɗiya ma a kawo, ana ragi."