Nukiliya a ƙirji? To, sai me, Alhaji?

Na ga ka zabura, Alhajin Madawa. Da jin "nukiliya" ka tuno Hiroshima, har ka dafe ƙirji. Bar hannun a wurin, dama maganar gwajin zuciya na nukiliya za mu yi.

Ka ce guba za a ɗura maka? Haba! Ƙasarka na haƙo yuraniyom a Arlit tun 1971 ba ka ce uffan ba, sai yau da jikansa ya zo duba lafiyarka? Sunansa teknishiyom-99m, ɗigo kaɗan ake sa maka ta jijiya. Cikin awa 6 rabin ƙarfinsa ya tafi, kafin kwana ɗaya ya kusa ƙarewa. Baƙon da ya san lokacin sallama ke nan, ba irin wanda ya zo sunan ɗanka daga Buza ya share wata guda ba.

Ka ce ai an liƙa maka wayoyi a ƙirji, an ce ƙalau? Kai fa manomin albasa ne. Jin ƙugin injin ban ruwa ba shi ke nuna ruwa ya kai kowane fangali ba. Jijiyoyin da ke shayar da zuciya su ne magudanan, kitse ke cushe su. Ɗigon nan yana bin jini, wata na'ura kuma ta ɗauki hoton inda ya isa a zuciya. Sau biyu ake yi: kana hutawa, da bayan an sa ka tafiya a kan inji har ka yi haki. Fangalin da ya dushe lokacin haki ya farfaɗo da hutu, ƙishi yake ji, ana iya cetonsa da magani ko buɗe jijiyar. Wanda ya dushe duka biyun, galibi tabon bugun zuciyar da ya wuce ne.

Ka ce a ina? Nan kam ka kama ni. Ba a Keita ba, ba a Madawa ba. Sashen likitancin nukiliya na Cibiyar Radiyo-Izotop ta Jami'ar Abdou Moumouni yana can Yamai, wajen kilomita 500 daga ƙofar gidanka.

Amma na san abin da zai kore ka, kuma ba nisa ba ne. Idan allurar magani za a yi maka maimakon injin tafiya, kafin gwajin sai ka wuni ka kwana ba shayi, ba kofi, ba goro. Kai, Alhaji, ina za ka? Dawo ka ɗauki hularka mana!