Gobarar da Na Kashe a Sai'un

Wani aboki ɗan Yaman, wanda muka yi karatu tare, ya gayyace ni garinsu Sai'un, cikin kwarin Hadramaut, cin mandi. Tun asuba na ƙi karyawa. Na ci mandi a gidajen abinci na Jidda, amma kowa ya ce na Hadramaut ne na asali, sauran duk kwaikwayo ne, don haka na tanadi ciki.

Muka isa da hantsi, babu tukunya a wuta, babu ƙamshi. Aka ajiye mini dabino da gahawa. Na ci, na jira, na sake jira. Da hanjina suka fara kiran salla ba lokacinta ba, sai na fita bayan gida da sunan alwala. A nan na ga wani tudun laka a ƙasa, hayaƙi na tsartuwa ta wata 'yar tsaga. Na taɓa ƙasar, zafi zau. Na ce innalillahi, wuta ta kama a ƙarƙashin gidan mutane kuma kowa na ɗaki yana hira! Ga bokiti cike da ruwa a gefe. Ban yi shawara da kowa ba.

Ihun da mahaifin abokina ya yi, ina jin har can garin Tarim an ji shi.

Ashe mandin ne a ciki. Rami ne mai zurfi da aka shafe da yumɓu, tanderu a cikin ƙasa. Ana ƙona itace har ya koma garwashi, a sauke tukunyar shinkafa a ƙasa, a jera naman ɗan rago a samanta bayan an shafe shi da kayan ƙamshi, sannan a rufe bakin a liƙe da laka. Naman ba ya taɓa ruwa, ba ya taɓa wuta. Zafi da tururi ne ke dafa shi a hankali, kitsensa na ɗiga cikin shinkafar, hayaƙi na ratsa su duka. Aikin gaba ɗaya ya dogara ga kada zafin ya fita. Ni kuwa na jiƙa murfin, lakar ta zube, zafin ya kama gabansa.

Tsohon ya dube ni ya ce, "Ɗana, a ƙasarku haka ake gaishe da abinci?" Na ce, "Baba, na ɗauka gobara ce." Bai ƙara magana ba. Ya kwaɓa sabuwar laka, ya miƙo mini, na liƙe da hannuna, abincin azahar ya koma na bayan la'asar.

Don a riƙe baƙi, aka kawo marak, romon nama da ake matsa wa lemun tsami, tare da gurasa. Yunwa ta sa na yi ta sha ana ƙarawa. Sai ga sahawiƙ, markaɗen tumatir da barkono da tafarnuwa da ganyen kuzbara. Na ce mutumin da ya girma da yajin tsire ba zai ji tsoron wannan ba, na kamfata da gurasa. Hawaye har gemu.

Lokacin da aka shigo da faranti, naman na zamewa daga ƙashi da kansa, shinkafar ta yi wara-wara tana sheƙi, cikina ya riga ya cika da romo. Tsohon kuwa ya yi ta yagar kafaɗa yana turowa gabana, kuma ba a mayar da hannun mai gida. Na ci, ina gumi, ina godiya. Gaskiya ta Allah, na Jidda bai kama ƙafarsa ba.

Da aka kawo tukunyar shayi tana tururi, wani yaro ya kalle ni, ya tashi a hankali, ya ɗauke butar da ke kusa da ni ya kai ɗaki.