Mun Je Gai Da Kura, Mun Dawo Da Ƙafafunmu

Kada ku ɓoye, na ga taɓe bakin. Tun ranar da magana ta fita a majalisa cewa ni da abokina tela mun zauna rubuta shirin talabijin mai dogon zango, wasunku suka daina amsa sallamata sai da "Barka da isowa, Darakta." Akwai wanda har ya miƙe ya kakkaɓe min benci da hularsa. Kawuna kuwa da aka kai masa labari, cewa ya yi karambanin akuya ne gai da kura, sannan ya tambaya ko a zuri'armu akwai wanda ya taɓa riƙe kyamara in ba ta waya ba. Babu, Kawu. Amma kurar mun je mun gaishe ta, ga mu mun dawo da ƙafafunmu huɗu cif, biyu nawa biyu na tela. Ku gyara zama ku ji.

Tambayarku ta farko na san ta tun kafin ku buɗe baki: "Wa kuka sani a ciki?" A wajenku duk wanda sunansa ya fito a allon talabijin to ɗan wani ne, ko yaron gidan wani. To su 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa da suka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, wa suka sani a Kannywood? Ko sunan Kannywood ɗin ba a raɗa ba a lokacin. Matasa ne 'yan wasan kwaikwayo da suka ga kyamarar bidiyo suka ce bari mu gwada. Na tabbata su ma akwai wani kawu a gefe yana taɓe baki, ƙila ma kakan wani daga cikinku ne, don abin gado ne.

Sai dai zan ba ku gaskiyarku a wuri ɗaya, don kada ku ce ban iya adalci ba. Labarin da muka fara rubutawa ya cancanci duk dariyar da kuka yi, har da ƙari. Ɗan wani hamshaƙin attajiri ne ya dawo daga Ingila, ya ga 'yar talakawa mai tallan awara, uwarsa ta ce sai bayan ranta. Akwai kishiya mai zuwa wajen boka, akwai haɗarin mota, akwai likita mai fitowa yana girgiza kai. Mun cika littafin rubutu biyu muna ji da kanmu. Ranar da na karanta wa tela kashi na farko, yana riƙe da allura a baki, sai ya zare ta ya ce, "Gidan bene na wa za mu ara? Motar da za a kifar fa, taka ce ko tawa?" Ni keke gare ni, shi kuma keken ɗinki. Bayan haka ya ƙara da wadda ta fi ciwo, ya ce wannan labarin ya taɓa kallonsa sau goma, sunayen kawai na canza.

Abin da ya cece mu yana jikin shagon telan, bango ɗaya ya raba su. Rumfar mai cajin waya ce. Katako ne an jera masa soket sahu-sahu kamar kunyar gyaɗa, ƙaramin janareta na kuka a bayan rumfa, kowace waya an manna mata lamba, mai ita ya tafi da ɗan kati mai irin lambar. Wata rana da yamma muna zaune wata waya ta yi ta ƙara ba ƙaƙƙautawa. Mai cajin ya leƙa fuskarta, ya yi murmushi, ya kife ta. Tela ya ce wa ke kira haka? Ya ce, "Mai bin bashi ne. Kullum ƙarfe biyar yake farawa, shi ya sa mai wayar ke kawo caji ƙarfe huɗu da rabi." Muka kalli juna ni da tela. Mutumin nan ya san wa ake bi bashi a unguwa, ya san wa ke da waya biyu matarsa ta san ɗaya, ya san budurwar da samari uku ke kira a jere, ya san tsohuwar da ke kawo caji kullum amma wata shida ba wanda ya kira ta. Duk ya sani, kuma bai taɓa buɗe wayar kowa ba. Me zai faru ranar da ya ba wani wayar da ba tasa ba?

Shi ke nan labarinmu. Sunansa kuwa ba zan faɗa ba, don na san halinku.

Marigayi Usman Baba Pategi da ya yi Samanja, bariki ya sani domin soja ne, barikin kuma ya kawo wa mutane a talabijin, har waɗanda ba su taɓa taka ƙofar bariki ba suka haddace yadda samanja ke yi wa kuratansa tsawa. Mu ba mu san Ingila ba, ba mu san falon attajirai ba sai a fim. Rumfar caji muka sani, da warin hayaƙin janareta, da rigimar "wannan ba cajata ba ce."

Yanzu sai rubutun, wanda kuke cewa ai zama ne kawai a yi ta zuba. Bismillah, ga biro. Abin da muka fara koya shi ne shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo. Da muka auna fitowarmu ta farko, shafi uku cur gaisuwa ce. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya jikin Inna, ya muka ji da zafi. Minti uku ba abin da ya faru, sai ladabi. A zaure hakan tarbiyya ce, a talabijin kuwa mai kallo ya riga ya koma tashar ƙwallo. Muka yanke gaisuwar ta koma layi biyu, tela yana cewa Allah ya sa kada a ce yaran labarinmu ba su da kunya.

Matsala ta biyu tawa ce ni kaɗai. Kowa a labarin yana magana kamar ni. Ɗan acaɓa na jero karin magana, yarinya 'yar shekara tara na cewa "bisa ga dukkan alamu." Tela ne ya warkar da ni. Bayan sallar isha'i sai ya rufe rabin ƙofar shago, ya ɗauki takarda ya karanta da ƙarfi, yana sauya murya, mace ce ko tsoho. Alƙalinmu kuwa yaron shagonsa ne mai guga. In yaron ya tsaya da dutsen guga a sama yana saurare, fitowar ta tsira. In ya ci gaba da gugarsa, mun yage. Sau ɗaya ya shagala har ya ƙona wuyan rigar wani, tela ya biya kuɗin yadi yana dariya, ya ce wannan fitowar ko da kuɗi ba za a taɓa ta ba.

Sannan aka ce mana zango ɗaya kashi 13 ne. Na ce don me ba goma ba? Ashe lissafin kasuwa ne: mako 52 na shekara in an raba huɗu, 13 ke nan, kuma da wannan ma'aunin na wata uku-uku tashoshi ke tsara jadawali da cinikin talla. Mu kuwa a kashi na huɗu man ya ƙare. An ba da wayar da ba daidai ba, asiri ya tonu, an yi rigima, an sasanta, sai me? Muka yi mako biyu muna kallon bango. A nan na daina raina marubutan da kuke zagi kullum kuna cewa suna jan labari kamar ƙosai a bakin marar haƙori. Arewa24 ta fara aiki a 2014, Dadin Kowa kuma kusan tun farkon tashar yake tafiya, mako bayan mako, da alƙaluman irin su Fauziyya D. Sulaiman. Kwana Casa'in ya zo a 2019 ya gina jiha sukutum mai suna Alfawa, da gwamnanta da 'yan adawarta. Labarina na Aminu Saira tun 2020 ake yi. Kai da ke kwance a tabarma kana cewa "ni ma zan iya," rubuta min kashi na tara kawai, ba na farko ba. Na farko kowa na da shi a ka.

Yadda muka fita ramin shi ne muka daina tambayar me zai faru, muka koma tambayar wa bai yi magana ba tukuna. Sai ga tsohuwar nan da ba a kiranta. Ita kaɗai ta ba mu kashi uku.

To, ranar gai da kura. Wata tasha ce, ba zan faɗi sunanta ba, wani ɗan uwan makwabcinmu ya samo mana ganin wani jami'in shirye-shirye. Eh, na ji ku, "ashe dai da hanya." Hanyar ta kai mu bakin ƙofa ne ta juya abinta. Tela ya ɗinka mana sababbin kaftani iri ɗaya, muka fito kamar 'yan amshin mawaƙi. Na rungumo rubutun kashi 13 an buga an ɗaure, nauyinsa ya kai na jariri. Muka yi zaman jira har sanyin na'ura ya fara shiga ƙashi.

Da muka shiga, mutumin bai ko taɓa jaririn nawa ba. Ya ce, "A taƙaice, labarin mene ne?" Na gyara murya na fara daga kakan jarumin, yadda ya baro ƙauye shekarar fari. Ina cikin bayanin auren iyayensa na ga ya saci kallon agogo. Gumi ya keto min cikin sanyin nan. Sai tela, wanda muka yi da shi cewa ba zai ce uffan ba, ya tsoma baki: "Ranka ya daɗe, mai cajin waya ne da ya san asirin kowa a unguwa, rannan ya ba wani wayar wani." Mutumin ya ajiye biro ya ce, "To, haka za ku ce." Wata bakwai ina rubutu, tela ya sayar da shi da numfashi ɗaya. Har yau bai bar ni na manta ba.

Daga nan tambayoyi suka zubo, ba ko ɗaya a kan fasahar da nake taƙama da ita. Lokeshan nawa ne? 'Yan wasa nawa ne ke fitowa kowane mako? Kashi ɗaya nawa zai ci? Akwai kamfanin da zai ɗauki nauyi, ko kuna da kuɗin sayen lokaci? Su wa kuke so su kalla, matan gida da rana ko matasa da dare? Ta farko kaɗai muka amsa da ƙarfin gwiwa, domin rumfa ɗaya ce da layi ɗaya da tsakar gida biyu, kuma na ga hakan ya yi masa daɗi. Sauran kuwa muka yi ta kallon kaftanin juna. Ya kuma tuna mana da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda ke nan tun 2001. A watan Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda, har da Labarina da Dadin Kowa, kan batun haska su ba tare da an kai an tace ba. In an taɓa masu gemu, ina ga mu da ko gashin baki bai gama fitowa ba?

Ya sallame mu da "za mu neme ku." Na san fassararta, ba sai kun yi min ba, ni ma na taɓa faɗa wa mai neman rance. Amma kafin mu kai ƙofa ya ce mu dawo da abu uku: labarin a shafi ɗaya, lissafin kuɗin kashi ɗaya, da minti goma da aka ɗauka ya gani da idonsa. Jaririn nawa kuwa na koma da shi gida yadda na zo da shi, ko shafin farko ba a buɗe ba.

Na ji mai cewa, "Ku zuba a YouTube mana, kamar Izzar So." Sannu da shawara, Alhaji. Izzar So ya yi suna a YouTube tun 2020, gaskiya ne. Amma kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. In kashinmu rabin awa ne, sai an kalle shi daga farko har ƙarshe sau 8,000. Su wa za su kalla? Ku? Ku da kuke zuwa wajen masu turi a loda muku fim goma a memori, ko ku ce "tura min ta Xender"? Irin wannan ƙaunar taku ce ta bi kasuwar faifan CD ta Ƙofar Wambai ta kwantar da ita. Mai cewa za a sace mana labari kuma, na gode da kulawa. Abin da ke cikin kai doka ba ta tsare shi, wanda aka rubuta take karewa, mu kuwa namu a rubuce yake da kwanan wata. Ɓarawon ma in ya sata, ya je ya rubuta kashi na tara mu gani.

Minti goman nan mun gwada ɗauka makon jiya, da kyamarar wani mai ɗaukar biki. Abin da ba mu lissafa ba shi ne janareta. In an kunna shi ba a jin maganar kowa, in an kashe shi masu waya na gaskiya su taso da rigima. Muna tsakiyar fitowar da jarumi ke rantsuwa bai taɓa wayar kowa ba, wata mata ta ratso gaban kyamara da katinta ta ce a ba ta wayarta tana sauri, miya na kan wuta. Tela ya ce a bar ta a ciki, ta fi duk 'yan wasanmu iyawa.

Kawu ma ya zo kallo, wai hanya ce ta biyo da shi. Ya tsaya awa biyu a rana. Da za mu tashi ya ja ni gefe ya tambaya ko labarin nan babu mai unguwa a ciki, don yana da babbar riga da bai taɓa sawa ba.

Asabar mai zuwa za mu sake ɗauka, ƙarfe bakwai na safe kafin a tada janareta. Akwai fitowar da muke neman mutum shida su zauna a benci, jarumi ya wuce, su bi shi da kallo su taɓe baki. Ba sai an koya muku ba. Kuɗi babu, amma akwai koko da ƙosai, kuma kowa ya zo da hularsa.