Yadda Za Ka Kare Gwaninka da Ya Faɗi, a Teburin Mai Shayi

Da zarar masara ta shiga rumbu a Damari, sai gardama ta fito. Idan kai ɗan jar hula ne, malam, kada ka zauna kan bencin mai shayi ba shiri.

Fara da Legas, Disamban 2014, zaɓen fidda gwani na APC. Kwankwaso ya samu 974, Atiku 954. Jaddada tazarar ashirin ɗin nan, ka maimaita ta sau uku, har ka ɗaga yatsu idan da hali. Ƙuri'u 3,430 na Buhari kuwa, bar su inda suke. Nan jihar Katsina ce, kowa ya san lissafin, kuma dattijon da ke kusa da tukunyar shayi jira yake ka yi kuskure ya tuna maka.

Wani zai jefo Fatakwal, 2018, inda Madugu Kwankwaso ya tashi da 158 a PDP. A nan sai ka kurɓi shayi a hankali, ka ce daliget ba su ne talakawa ba. Wannan magana ba ta tsufa. Magoya bayan Osinbajo da na Ahmad Lawan sun ci abinci da ita bayan zaɓen 2022, kai ma haƙƙinka ne. Sai dai ka tuna, daliget ɗin da ka raina yanzu su ne suka ba ka ashirin ɗin da kake taƙama da ita ɗazu. Yi addu'a kada kowa ya lura.

Babban makaminka kalmar "da". Da shi aka tsayar, da tun kafin azahar an gama. Ba a taɓa ƙirga ƙuri'ar "da" ba, don haka babu mai ƙaryata ka.

Idan an zo 2023, yi sauri ka tsallaka Kano: 997,279, jiha guda. Faɗi lambar da ƙarfi, ka miƙe kamar an kira sallah. Kada ka bari a dawo da kai gida, domin a Katsina 69,386 ya samu, Atiku da Tinubu kowanne ya haura dubu 480.

In wani ɗan Faskari mai ajiye takardar sakamako a aljihu ya iso, biya kuɗin shayinka ka ce ka bar awaki a sake.