Zuwa ga Bakanon da Ke Auna 'Yan Wasa da Yadi

Bakano, bawan Zagezagi, a ƙa'ida kai ya kamata ka fara gaishe ni, amma ba a jiran gaisuwar mai zaman makoki. Ya haƙuri? Allah Ya ba ka ladan tashin ƙarfe ɗayan dare da kake yi, ka ƙona data da man janareta don ka kalli ƙungiyar ƙwallon kwando ta Washington Wizards tana shan kashi. A kakar 2023/24 wasa 15 kuka ci cikin 82. Da shekara ta zagayo kuka yi zuciya, kuka yunƙura, kuka ci 18, kuma duk watan Nuwamban 2024 ba ku ci ko ɗaya ba. Ku ne masu cewa ko da me mutum ya zo Kano an fi shi, amma ko a lalacewa kulob ɗinka bai zo na ɗaya ba: Detroit ta sha gabanku a shekarar farko, Utah a ta biyu.

Na ga jerin sunayen da ka turo mini ta WhatsApp, na samarin da kake so kulob ɗinka ya ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa. Bari in yi wa masu karatu bayani, tunda kai ka ce ka sani. Duk watan Yuni ƙungiyoyi 30 na gasar NBA ta Amurka suna zaɓen matasa daga jami'o'i da ƙasashen waje, zagaye biyu, kuma waɗanda suka fi shan duka su ake ba damar fara ɗauka. Ba kai tsaye ba, sai an jefa ƙuri'a. Tun 2019, ƙungiyoyi uku na can ƙasa kowace kashi 14 cikin 100 take da shi na samun zaɓin farko. Shi ya sa a 2025 kuka gama shan wuyarku kaf, aka jefa ƙuri'a, Dallas mai kashi 1.8 ta tafi da Cooper Flagg, ku kuma aka tura ku na 6. Wannan shi ne ga mari ga tsinka jaka.

To, jerin naka. Na karanta daga sama zuwa ƙasa ina neman hikimar da ke ciki, sai na gano ba ka yi komai ba illa jera yaran bisa tsawo. Mai ƙafa 7 da inci 2 a sama, mai ƙafa 7 yana bi masa, wanda bai kai ƙafa shida da rabi ba ko sunansa ba ka rubuta ba. Alhaji, ba Kantin Kwari muke ba. A can ma, da wani zai zo maka da bandir ɗin shadda ya ce ka saya don yadinta ya fi yawa, ai sai ka murza ta tsakanin yatsu, ka ɗaga ta ga haske, ka tambayi ko tana zuba. Me ya sa da aka zo kan ɗan Adam ka ajiye yatsun ka riƙe tef kaɗai?

Amma ban ga laifinka sosai ba, gado ka tarar. Kulob ɗin nan, tun yana amsa sunan Bullets, shi ya ɗauki Manute Bol ɗan Sudan mai ƙafa 7 da inci 7 a 1985, ya dawo a 1993 ya ɗauki Gheorghe Muresan, shi ma tsawonsu ɗaya. A tsakani, 1987, ya ɗauki Muggsy Bogues mai ƙafa 5 da inci 3, aka riƙa tsayar da shi kusa da Bol ana ɗaukar hoto. Hoton ya yi kyau. Kofi dai tun na 1978 ba a ƙara gani ba.

Ka tuna 2001, shekarar da ka kamu da son kulob ɗin saboda Michael Jordan? Shi ke riƙe da ragamar zaɓen, zaɓin farko yana hannunsa, ya ɗauki Kwame Brown, dogon yaro daga makarantar sakandare. Pau Gasol ya tafi na 3, Tony Parker na 28. Brown ya gama zamansa a NBA bai kai maki 7 a kowane wasa ba in an raba. Iya wasa daban, iya ganin ɗan wasa daban, ko da sunanka Jordan. A 2009 kuwa zaɓi na 5 naku ne, kuka yi cinikinsa da Minnesota kuka karɓi Randy Foye da Mike Miller, kowannensu shekara ɗaya ya yi muku. Stephen Curry na 7 ya tafi. Da a kasuwa yaronka ya yi maka irin wannan cinikin, da ranar ya koma ƙauyensu. Sai 2011, kuka ɗauki Jan Vesely na 6 don tsawo da tsalle, kuka bar Klay Thompson ya tafi na 11, Kawhi Leonard na 15, Jimmy Butler na 30. John Wall da Bradley Beal kam kun dace da su, ba zan hana ku ba, amma na 1 da na 3 ne, inda ko makaho ya laluba zai taɓa abu.

Tsaya kan Vesely ɗin, don a nan darasin yake. A lokacin yaron ba ya iya jefa ko rabin jifan kyauta, wanda ake tsayar da wasa a ba ka ƙwallo babu mai tare ka. Masu farautar 'yan wasa na gaske wannan layin suke fara dubawa, domin wanda hannunsa ya saba a nan yakan koyi jifan nesa daga baya, wanda kuwa ya kasa a tsaye cikin natsuwa ba a sa ran zai iya da gudu, ƙato na bin sa. Suna duba shekaru: ɗan 19 da ya yi abin da ɗan 22 ya yi ya fi shi daraja, don shi bai gama girma ba. Suna duba da wa ya kara, don maki 25 a gaban yara ba maki 25 ba ne. Suna kallon abin da yake yi in ƙwallo ba ta hannunsa, ko yana komawa tsaron gida da gudu ko yana tafiyar Alhaji bayan tuwon rana. Wasan jami'a minti 40 ne, wasanni talatin da 'yan kai a shekara. Na NBA minti 48, sau 82, layin maki uku ya fi nisa, daƙiƙa 24 kacal a yi jifa. Sannan likita ya duba gwiwa da ƙafa. Portland ta ɗauki Greg Oden a 2007 ta bar Kevin Durant, siririn yaron da aka yi wa dariya don ya kasa ɗaga ƙarfe ko sau ɗaya a wajen gwaji. Oden wasa 105 ya buga a NBA gaba ɗaya, gwiwa ta hana. Kuma Portland ɗin ce a 1984 ta ce tana da Clyde Drexler, dogo take buƙata, ta ɗauki Sam Bowie ta bar Jordan. Ka ji sakamakon cike gurbi. Ƙungiyar da ta ci 18 cikin 82 ba ta da gurbi ɗaya, duk gidan gurbi ne. Wanda ya fi iyawa ake ɗauka, a nema masa wuri daga baya.

Kada ka ce na tsani dogaye. Hakeem Olajuwon ɗan Legas dogo ne, shi aka fara ɗauka a 1984 ɗin, ba wanda ya taɓa cewa Houston ta yi asara. Amma shi ya zo da ƙafar mai tsaron raga, don ƙwallon ƙafa ya fara yi. Tsawon ƙari ne a kan iyawa.

Yanzu gyara zama ka ji aikin Zariya. Masai Ujiri a garinmu ya tashi, a nan ya fara jefa ƙwallo a kwando. Na san za ka ce a Ingila aka haife shi. To, ruwan Kubanni ya sha, ba na Jakara ba. Ya fara yi wa Orlando farautar 'yan wasa ba albashi, da kuɗin aljihunsa yake yawo, har ya riƙe Toronto daga 2013 zuwa 2025. A 2016 ya ɗauki Pascal Siakam ɗan Kamaru a matsayi na 27, yaron da bai fara wasan ba sai da ya kusa gama sakandare. Abin da aka gani a jikinsa gudu ne da rashin gajiya da saurin koyo. A shekarar ya jawo Fred VanVleet, guntun da duk ƙungiyoyi 30 suka tsallake. A 2017 ya ɗauki OG Anunoby na 23 lokacin da raunin gwiwa ya tsorata saura. Ya tura Siakam da VanVleet ƙaramar ƙungiyar Toronto suka gogu, maimakon a jefa yaro cikin taron masu shan kashi ya koyi shan kashi. A 2018 ya karɓo Kawhi ɗin nan da kuka bari, a 2019 suka ɗaga kofi, Siakam ya zuba maki 32 a wasan farko na zagayen ƙarshe. I, ya ɗauki Bruno Caboclo na 20 a 2014 alhali Nikola Jokic yana zaune har na 41. Kuskuren Bazazzagi kenan, ɗaya, kuma ku ma ba ku ɗauki Jokic ɗin ba.

Alex Sarr da kuka ɗauka na 2 a 2024 ya taɓa jifa 15 a wasan share fage babu wadda ta shiga, ka kwana uku ba ka ɗaga wayata ba. Ban yanke masa hukunci a kan wannan ba, yaro ne, yana da ƙafa, yana tare ƙwallo. Ku dai ku yi masa tarbiyya.

Ka yaga jerin nan ka sake wani. Gaban kowane suna ka rubuta shekarunsa, da jifan kyautarsa, da abin da likita ya ce, tsawo ya zo ƙarshe. In ka gama ka hau mota ka kawo mini Zariya da kanka in duba maka, ka haɗo da goro da turmin atamfa na uwargida. Ba na karɓar bashi daga Bakano.