Waƙar Faɗakarwa a Zamanin Fiyano: Bayani Daga Ƙasar Magariya

Waƙar faɗakarwa ta fiyano waƙa ce da ake rerawa bisa kiɗan na'ura da manufa biyu: a gyara halin jama'a, jama'a kuma su taka rawa. Ta biyun ce aka fi cimmawa. Ana samun irinta ko'ina a ƙasar Hausa, amma Magariya da Dungas, a kudancin jihar Damagaram, sun fi daɗin nazari, domin yankin yana shan nasiha ta fuska biyu. Ɗaya tana saukowa daga Yamai da Damagaram cikin farar mota mai tambarin furoje, wato shirin ƙungiyoyin agaji. Ɗaya tana haurowa daga Kano ta Babban Mutum da Maigatari cikin aljihun 'yan ci-rani. Yamai ta fi kilomita 900 nisa, Kano kuwa nan kusa take, shi ya sa kunnen mutumin Magariya ya fi sabawa da kiɗan Kano. Aljihunsa ma naira da sefa yake riƙewa tare, ba ya ruɗewa.

Nasiha cikin waƙa ta girmi lantarki nesa ba kusa ba. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, ya yi ta auren dole, ya yi jawabin aure, aka kuma saurare shi a zaune. A Nijar, zamanin ƙungiyar matasa ta Samariya na mulkin Seyni Kountché (1974 zuwa 1987) ya koya wa kowane gari cewa waƙa aikin ƙasa ce, ana zuwa gasa da ita, ana komowa da kyauta ko da haushin alƙalai. Gasar waƙa ta Ɗan Gurmu da aka soma a 1987 ta ɗora daga nan. Na'ura kuwa ta shigo ta hannun Mamman Sani, wanda ya naɗi kaset ɗinsa a 1978 da wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla. Rediyo da talabijin na ƙasa sun shekara da shekaru suna cike giɓin shirye-shirye da kiɗansa. Yawancinsa kiɗa ne zalla, babu baiti, saboda haka shi ne kiɗan na'ura guda ɗaya a tarihin ƙasar da ba a taɓa kama wani yana saɓa wa nasiharsa ba.

Juyin gaske daga Kano ya zo. A shekarun 1990 masu shirya fim suka rungumi fiyanon Yamaha, wanda yake da ganga da sarewa da goge duk a cikin cikinsa, fim ɗin Sangaya na 1999 kuma ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Daga baya Auto-Tune ya iso. Manhaja ce ta gyaran murya da Andy Hildebrand ya fitar a Amurka a 1997, bayan ya yi shekaru yana aikin nazarin sautin ƙarƙashin ƙasa don kamfanin man fetur. Dabarar da ake neman mai da ita a inda ido bai gani ba, ita ce yanzu ake neman murya da ita a maƙogwaron da Allah bai ajiye ta ba, kuma sau da yawa ana dacewa. Har Mdou Moctar, mai gitar Abzinawa da duniya ta sani yau, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin wannan murya mai rawar ƙarfe, ya kuma bazu ta wayoyin hannu kafin wani kamfani ya san da shi.

Abin da wannan ya haifar a gari kamar Magariya mai sauƙin faɗi ne. A da, mai son waƙa sai ya gaje ta ko ya yi shekaru yana ɗaukar wa maigida kalangu. Yanzu jikka kaɗan yake buƙata, da kuɗin motar Damagaram ko Kano, da abin da ke ƙona masa rai.

Situdiyo, a ma'anarta ta ƙaramin gari, ɗaki ne da aka liƙa wa katifa da kwalin ƙwai a bango, da kwamfuta mai manhajar FL Studio, da makirufo guda, da saurayi guda da ake kira furodusa. Shi ne makaɗi, shi ne 'yan amshi idan an ninka murya, shi ne kuma alƙalin da ke cewa an yi daidai da zarar mai ya kusa ƙarewa a janareto. Jadawalin aiki a hannun wutar lantarki yake. Furodusa yana da kiɗa uku ko huɗu da ya amince da su, kuma ba ya nuna bambanci: wanda aka ɗora wa waƙar amarya da safe, shi za a ɗora wa ta ɗan takara da la'asar, da ta gidan sauro bayan isha'i. Mai saurare daga nesa ba ya iya sanin ko yabon masoyiya ake yi ko gargaɗi kan zawo, sai ya matso kusa, kuma ba kowa ke matsowa ba.

Rubutun waƙar yana da ƙa'ida. Amshi ake fara nema, sannan amsa-amo, sannan a ƙarshe a duba ko akwai abin faɗi. A nan Magariya ta yi sa'ar suna, don tana tafiya da duniya, gaskiya, lafiya, zuciya, tarbiyya, Najeriya da Aljeriya. Da waɗannan kawai mawaƙi zai iya yin baiti goma sha biyu a kan kowane irin batu ba tare da ya ɗaga kai ya dubi garin ba. Mutanen Bande da Waca da Dungas suna shan wuya kaɗan. Na Sasumburum kuwa har yau ba a samo musu amsa-amo ba, sai dai furodusa ya danna ganga a wurin.

Tsarin baitocin ma sananne ne. Ana buɗewa da sunan Allah da salati. Baiti na biyu kuka ne da zamani, wanda ya lalace, ya kuma kasance yana lalacewa a kowace waƙa tun kafin a haifi kakan mawaƙin. Daga na uku ake shiga wanda za a yi wa faɗa, kuma zaɓensa shi ne babban gwanintar sana'ar. Dokar da ba a rubuta ba ita ce: ana yi wa wanda ba zai iya biya ba faɗa, ana yi wa wanda zai iya biya kirari. Don haka masu laifi a waƙar faɗakarwa kullum su ne 'yan mata masu shafe-shafe, samari 'yan fada (majalisar shayi), masu shan tiramol, kishiya, uwar miji da wata maƙwabciya mai gulma. Alhajin da ke saye gero da kaka ya kulle a sito sai damina ta yi tsakiya ya fito da shi da tsada, ba ya cikin jerin. Yana cikin waƙar dai, amma can ƙarshe, a matsayin uban marayu, tunda shi ya sayi janareton.

Akwai reshe na musamman da ake kira waƙar furoje. Tushenta ya koma ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, lokacin da 'yan rap na Yamai irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass Wong suka tashi, ƙungiyoyin agaji kuma suka gane cewa matasa sun fi jin magana idan tana da kiɗa. Daga cutar sida aka fara, aka bi da riga-kafi, tazarar haihuwa, karatun 'ya mace, wanke hannu da sabulu a 2020. Matsalolin na gaske ne, ba wasa a cikinsu: a Nijar kimanin kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, zazzaɓin cizon sauro kuma yana cika asibitin Magariya da yara kowace damina. Wasan yana wurin yadda ake ƙera waƙar. Ana kawo wa mawaƙi takarda da Faransanci, mai ɗauke da saƙonni bakwai da ba a yarda ya bar ko ɗaya ba. Kwamiti ya zauna a ɗakin taro, a ci shinkafa, a karɓi kuɗin zama, a fassara. Sai a umarce shi ya cusa "masu ruwa da tsaki" da "ci gaba mai ɗorewa" cikin kari, ya kuma ambaci sunan mai ba da kuɗin sau uku, ko da sunan baƙaƙe ne zalla babu wasali. Ilhamar mawaƙin furoje tana bin kalandar kasafi: tana sauka idan an saki kuɗi, tana ɗaukewa ranar da aka rufe rahoto. Waƙar gidan sauro takan yi nasara sosai, har a ji manomi yana rera ta a garka yana kewaye yabanyar tumatir da gidan sauron da aka raba.

Yaɗuwar waƙa ba ta buƙatar kamfani. Mai cajin waya a bakin kasuwa shi ne ɗan dillali, shi ne ma'ajiyar tarihi. A ba shi memori da 'yan canji, ya cika shi da waƙa ɗari, ya ƙara wa'azi biyu kyauta don kada a ce. Daga nan Xender da WhatsApp su ɗauka. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, shinkafa ta sha wahalar ƙetarewa, amma Jarumar Hamisu Breaker ta shigo a 2020 ba tare da wani ɗan duwan ya tambaye ta takarda ba. TikTok ya zo da nasa gyaran. Daƙiƙa ashirin yake so, wato amshi kaɗai, nasihar kuwa tana baiti na huɗu, inda yatsa ba ya bari a kai.

Wuraren saurare uku ne manya, kuma kowanne yana da waƙar da ta dace da shi. Ta yaƙi da almubazzaranci a gidan biki take tashe. Ƙawayen amarya cikin anko na uku a rana ɗaya sukan fito fili idan DJ ya sake ta, ana liƙi har kuɗi su rufe ƙasa, uban amarya da ya jinginar da gona don kayan ɗaki yana gefe yana gyaɗa kai cewa yaron nan ya faɗi gaskiya. Ta zaman banza a fada ake jin ta, daga shayi na farko zuwa na uku, a tafka muhawara a kanta har dare ya raba, a watse da shawarar cewa matasan yanzu ba sa son aiki. Ta tuƙin ganganci ɗan kabu-kabu ne ke sa ta, don kiɗanta na da sauri, yana taimaka masa wajen wuce mota a kwana.

Masana halin ɗan Adam za su so sanin dalilin da ya sa ba a taɓa jin wanda ya ji haushin waƙar faɗakarwa ba. Dalilin shi ne kowa ya san da wa ake. Idan aka sa ta gulma a tsakar gida, matan gidan sukan yi shiru har ta ƙare, sannan su kwashe sa'a guda suna tantance wace ce a unguwa mawaƙin yake nufi, da abin da ta yi, da wanda ya gan ta. Aika waƙa ta WhatsApp ma ya zama sabon salon habaici. A da sai mace ta raɗa wa akuyarta suna don kishiya ta ji. Yanzu ta tura mata faɗakarwa da safe, ta bi da addu'ar Juma'a.

Rayuwar yau da kullum, wadda ake cewa ita ce abincin wannan waƙa, ba a cika samunta a baitocin nasiha ba. Nasihar ɗaya ce daga Magariya har Kumasi. Mai neman garin sai ya jira minti biyun ƙarshe, wurin gaisuwa, inda mawaƙi ke sakin amsa-amo ya shiga lissafin mutane. A nan ake jin mai shayin bakin tasha, mai faci, telan da ya ɗinka kayan bidiyo bashi, 'yan ruwa-ruwa masu fetur a kwalba, dillalan shanu na kasuwar Alhamis a Maigatari, masu rake da masu awon riɗi, direban layin Damagaram, abokin da ya tafi Legas shekara uku bai aiko ba, da wanda ke Tamanrasat ya aiko. Ana jin wa ya yi kuɗi bana, don sunansa ya hau gaba. Ana jin wa ya karye, don bara yana ciki bana babu shi. Wanda aka kira da "Alhaji" alhali ko Agadas bai taɓa zuwa ba, a san ya biya da kyau. Mai binciken da zai tattara gaisuwar waƙoƙin shekara goma zai fi mai karanta rahoton furoje sanin yadda arziki ke yawo a yankin. Wannan sashe ne kaɗai ake saurare da kunne biyu, a mayar baya a sake ji, kuma shi kaɗai ke haddasa rigima, don mutum yakan yafe a kira shi mashayi a fakaice, amma ba ya yafe a tsallake sunansa.

Batun biya gajere ne. Akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, a Yamai, mai cajin bakin kasuwa kuwa bai taɓa aika mata ko dala ba. Mawaƙi yana ci ne daga liƙin biki, daga waɗanda ya gaisar, daga furoje idan ta faɗo, da kuma kakar zaɓe idan ana yi, lokacin da ake ɗauko kiɗan waƙar gaskiya da riƙon amana a ɗora masa sunan wanda ya fara kawo kuɗi. Waƙa takan yi wata uku zuwa shida tana tashe. Bayan nan mai caji ya goge ta don samun wuri, furodusa kuma ya adana kiɗan, tunda akwai wani yaro daga Dogo-Dogo da ya yi alkawarin zuwa ranar kasuwa da sabuwar waƙa a kan lalacewar zamani.