Akwatin Busar da Cittar Baba

Duk wanda ya bi hanyar Kachia zuwa Kwoi bayan kaka ya san yadda ake shanyar citta: a tsaga ta, a baza a kan fa ko a gefen titi, ƙura ta ɗebi rabonta, awaki su tattake sauran. Tun da cutar nan ta 2023 ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna, farashi ya yi tashin gwauron zabi, har surukina ya koma kwana kusa da shanyarsa da tocila. Ni kuwa malamin makaranta ne a Kafanchan, mai yawan kallon bidiyon ƙere-ƙere a waya, kuma na daɗe ina neman abin da zan yi a san da ni a gidan surukai.

Na ce, "Baba, wahalar nan ta ƙare. Zan ƙera muku akwatin faiba baƙi, da gilashi a sama. Rana ta shiga, akuya ta tsaya a waje."

Ya ce, "To, Allah ya taimaka." Ban taɓa jin addu'a ta fito da sanyin jiki haka ba.

Na hau mota sai Panteka a Kaduna. Mai shago ya jera mini ruwan faiba iri uku, ya shiga bayani. Foliyesta shi ne mai araha, da shi ake facin jikin mota da kwale-kwale, amma zafi na kaiwa wajen digiri 60 zuwa 80 yake fara laushi. Binil esta ya fi shi juriya, yakan haura digiri 100. Ifoksi kuwa sarkin riƙo ne da tsada, sai dai idan a zafin ɗaki ya daskare, da wuri yake sakin jiki, dole a ƙara gasa shi sa'o'i kafin ya yi ƙwarin gaske. Yana ta lissafin digiri, ni kunnena na wajen naira.

"Malam, wuta za ta kusance shi?"

"Wace wuta? Ranar Allah ce kawai. Zuba mini mai arahar."

Gwajin farko a tsakar gida na yi shi. Na sassaƙa siffar akwatin da farin soson nan da ake tokare sabon firiji da shi a kwali, na shimfiɗa tabarmar faiba, na shafa ruwan. Kafin in wanke buroshi siffar ta narke ta koma kunu. Ashe akwai sinadarin sitayirin a cikin foliyesta, kuma shi da wannan soso ba sa ga maciji. Na koma ga katako.

Sai batun maganin daskarwa. Ƙa'ida ita ce kashi 1 zuwa 2 cikin 100, ɗigo-ɗigo. Amma lokacin hunturu ne, sanyin da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro ya hana abin kamawa, ni kuma ina da darasi ƙarfe takwas. Na tuttula masa da hannu sake. Ba a jima ba robar da na kwaɓa a ciki ta ɗau zafi, ta fara hayaƙi, ta tsage da ƙara, buroshina a tsaye a tsakiya ya daskare har abada. Uwargida ta fito da bokitin ruwa tana salati: "Malam, gidan haya ne fa!" Ƙaiƙayin zaren faiban kuwa ya bi ni har aji. Ina rubutu a allo ina susa, yaran layin gaba suna ja da kujerunsu baya a hankali.

Duk da haka akwati ya fito, yana sheƙi, da farantai a jere ciki. Na ɗaure shi a bayan babur na kai wa Baba, maƙwabta suka taru kallo. Ranar farko citta ta yi kyau, aka yi ta sa mini albarka.

Abin da ba ya cikin lissafina shi ne Baba ma yana da nasa ilimin. Da ya ga rana ta faɗi aiki ya tsaya, sai ya cika kasko da garwashi ya tura ƙarƙashi, don kada dare ya tafi a banza. Da asuba farantan sun lotsa sun haɗu a tsakiya, gindin akwatin ya yi tumbi, gilashi ya zame ya fashe. Cittar dai ta bushe ƙayau, wannan kam ba mai musu. Sai da surukata ta jefa ta a shayi aka gane ta kwashe warin faiba kaf, domin foliyestan da bai gama nuna ba zafi ne ke fito masa da wari. Dillali ya sansana buhun, ya tambaya ko a shagon fenti aka noma ta.

Na buga wa mai shago waya don in yi ƙorafi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, ba ka ce ranar Allah ce kawai ba?"

"Ai surukina ne ya sa garwashi."

"To, a kan garwashi ko binil esta ba ya kwana. Ka nemi maƙeri ya yi maka na ƙarfe."

Yanzu ina biyan Baba kuɗin buhun a hankali, ƙarshen kowane wata. An yi wa kaji tayin akwatin, suka leƙa, suka juya.